A Sayo Mana Sarauniyar Danna Ƙirji

Madalla da mutanen birnin Lund na ƙasar Suwidin, da suka ƙera na'urar LUCAS. Idan zuciyar mutum ta tsaya, sai a ɗaura masa ita, ta riƙa danna ƙirjinsa kamar sau 100 a minti ɗaya, zurfin santimita 5, ba gajiya ba gumi. Shawarata ita ce a sayo mana ita a Talata Mafara tun kafin wani gari ya riga mu, ko nawa dala ta kai.

Masu hassada za su ce ƙwaƙwalwa tana fara mutuwa minti 4 zuwa 6 bayan tsayawar zuciya, alhali wanda ya faɗi a gonar shinkafa a Bakura, ko a wani ƙauye na Maradun, sai an nemo babur, an biyo hanyar da ake bi da addu'a. To, ina laifin na'ura? Ita tana nan daram cikin akwatinta. Majinyaci ne ya makara.

Za su ce batirinta minti 45 yake yi, wai da wace wuta za a yi caji? Mu da ke kwana kusa da madatsar Bakolori tun 1978, har a tsoratar da mu da zancen lantarki? Ai haƙurin jiransa ya zame mana gado. Za su kuma tuna mana watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, su ce da me za a kira motar asibiti? Wannan ma sauƙi ne: motar da ba mai a cikinta, kiranta ɓata kati ne.

Har gwajin da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2015, suke jawowa: mutum 4,471, kuma na'ura ba ta fi hannu ceton rai ba. Wai gara a koya wa ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau da 'yan acaɓa da ungozomomi danna ƙirji da tafin hannu.

Haba jama'a! Hannu fa aibinsa da yawa. Ba a ba da kwangilarsa, ba a yanka masa ƙyalle a gaban 'yan jarida, ba a ɗaukar hoto da shi, kuma babu mai samun kashi goma a kansa. Abin da kowane talaka ke da guda biyu kyauta, ta yaya zai zama aikin raya ƙasa?

A sayo ta, a ƙaddamar da ita, a kulle ta a sito don kada ƙura ta taɓa ta. In ya so mai makullin ya tafi Gusau taro.