Ranar da Lasifika Ta Amsa Addu'a

A majami'armu da ke Jos, wanda duk ya taɓa gyara rediyon gidansu injiniya ne. Haka aka ɗora mini kula da kayan sauti, albashina "Allah ya yi albarka". Dattawa suka ce Baba Fasto ya gaji da harɗewa da waya a kan mumbari, in je in sayo makirufo mara waya.

Mai shago ya fito da iri biyu. Ga na UHF, wanda ake sauya wa tasha idan wani ya hau layinka, ga kuma ɗan VHF mai tasha ɗaya tak, a kulle tun daga kamfani. Na ƙirga abin da ma'aji ya ba ni daga baiko, kuɗin suka zaɓi ɗan VHF da kansu. Mai shago ya rantse irinsa ya cika unguwarmu. Ashe gaskiya ya faɗa.

Na riƙe shi da kyau. Batir sai alkalin, domin mai arha yakan mutu kafin a kai aya ta biyu. Akwatin karɓar sauti na ɗora shi sama, eriya a miƙe, ba bango tsakaninsa da mumbari. Na roƙi mawaƙa su daina tsayawa da shi a gaban lasifika, don kukan da take yi ya isa ya tashi jariran unguwa. Bayan sujada in cire batir, kada ya yi ruwa ya cinye ƙarfen.

Ranar godiyar kaka, majami'a ta cika maƙil. Baba ya kashe makirufo don a yi shiru, ya ɗaga hannu ya ce da muryarsa, "Ya Ubangiji, yi mana magana, bayinka suna saurare."

Sai lasifika ta yi gyaran murya.

"Mai jar Golf, wannan ne gargaɗi na ƙarshe. Ka fito ka gyara!"

Zumuntar mata suka amsa da "Amin!" mai ƙarfi. Ni kuwa gumi ya karyo mini, don na gane muryar: sanƙiran bikin da ake yi a zauren bayanmu ne. Makirufonsu ɗan'uwan namu ne, tasha ɗaya, da Baba ya kashe nasa sai akwatinmu ya cafke nasu. Kafin in kai hannu, wani dattijonmu mai jar Golf ya miƙe, jiki na ɓari, ya yi waje. Muryar ta ƙara da cewa shinkafa ta kusa ƙarewa, samari uku suka bi bayansa.

Bayan an tashi Baba ya kira ni ya ce, "Ɗana, wa ya yi wa'azin yau, ni ko kai?"

Na buɗe baki zan yi bayanin tasha, sai ga dattijon nan ya dawo da ambulan. Shi ya biya kuɗin na UHF, har da bashin ginin da ake binsa tun bara.