Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kalanda Kan 'Yan Ubancin 'Ya'yanta

Zuwa ga Hajiya Kalanda, uwar kwanaki, ta hannun duk bangon da aka rataye ta da duk wayar da ta shiga.

Kalanda, a yadda tsofaffin ma'aikatan Dutsin-Ma da Kurfi suka san ta, takarda ce mai faɗi da ake ratayewa a ƙusa bayan kujerar sakatare. Daga sama hoton ɗan siyasa ko tambarin banki, daga ƙasa kwanaki a ƙananan gidaje, Lahadi da jan rubutu. Mai taro ya zagaye ranarsa da biro. In an ɗage, ya soke ya zagaye wata. Shekara na ƙarewa a sauke ta, yara su yi wa littattafansu bango, ragowar ta nufi teburin mai tsire. Duk tsawon wannan zamani ba a taɓa jin kalandar bango ta ƙaryata kanta ba. Ƙorafin da ke cikin wannan wasiƙa ya faro ne daga ranar da Hajiya ta sauko daga bango ta shiga na'ura, ta hayayyafa, 'ya'yan suka watsu gidaje daban-daban, yanzu ko ga maciji ba sa yi.

Gidajen uku ne. Akwai na Microsoft, mai Outlook tun 1997, wanda ya fi zama cikin kwamfutar ofis. Akwai na Google, wanda kalandarsa ta fito a 2006, kuma tana cikin kusan duk Tecno da Infinix da itel masu Android da ke aljihun ƙananan ma'aikata. Sai na Apple, da ke cikin iPhone, wadda a yawancin ofisoshi hannun oga ake ganinta. A kowane gida Kalanda na da ƙanne biyu, imel da jerin ayyuka. Buƙatar ma'aikaci ba ta da yawa: abin da ya rubuta a na'ura ɗaya ya same shi a sauran. Wannan shi ake kira daidaitawa.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, waya da kwamfuta na iya kwana a kan tebur ɗaya a Kurfi ba tare da sun gaisa ba. Kowacce da rumbu take magana, wato babbar kwamfutar kamfani da ake ce wa saba, wadda galibi tana ƙetare. Kwamfuta ta kai saƙo rumbu, waya ta je ta ɗebo. Idan rumbunsu ɗaya ne, lafiya lau. Idan ɗaya na kai wa rumbun Microsoft, ɗaya na ɗiba daga na Google, to sai an nemo tafinta.

A cikin ukun, Kalanda da ƙannenta biyu, imel ne ya fi jin magana, shi ma bayan an sha fama. Tsohuwar hanyarsa, POP, wadda ta samo asali a 1984, halin masinja gare ta: ta je gidan waya ta kwashe duk abin da ke akwati ta kawo wa na'urar da ta aike ta, ba ta barin kwafi sai an ce ta bari. Sakamakonta sananne ne. Takardar da ake nema tana cikin kwamfutar ofis, ofishin a kulle, makullin na aljihun wanda ya tafi Katsina ɗaurin aure, wayar kuwa ta rantse ba ta taɓa ganin saƙon ba, kuma gaskiyarta. Hanyar IMAP, wadda Mark Crispin ya tsara a jami'ar Stanford ta Amurka a 1986, ita ta gyara wannan: wasiƙa ta zauna a rumbu, kowace na'ura ta leƙa ta karanta, wadda aka buɗe nan ta nuna an buɗe can.

Ita Kalanda kanta an yi mata harshen gama-gari a 1998, mai suna iCalendar, shi ne ɗan fayil ɗin nan mai ƙarewa da .ics da ke maƙale a gindin takardar gayyata. A 2007 aka ƙara CalDAV, hanyar da na'ura za ta riƙa kai wa rumbu tana ɗaukowa. Apple da Google suna bin ta. Microsoft na da tasa hanyar ta Exchange, kuma Outlook na kwamfuta ba ya jin CalDAV sai an liƙa masa wata manhajar. A Janairun 2013 Google ya rufe wa sababbin masu asusun kyauta ƙofar ActiveSync, wadda ta hanyarta ce wayoyi da yawa ke shiga da yaren Microsoft. Babu ɗaya cikin gidajen da ya ce ya ƙi sulhu. Kowanne dai ya fi son baƙo ya tare a gidansa gaba ɗaya.

Daga nan ne ƙananan rigingimun yau da kullum ke fitowa. Wanda ya kwafo kalandar ofis ya zuba a wayarsa hoto ya ɗauka, hoto kuwa ba ya sanin an ɗage taro. Wanda ya yi rajistar bibiyarta ta adireshin intanet yakan samu gyaran, amma wani lokaci bayan sa'o'i masu yawa, lokacin an riga an yi addu'ar tashi an raba lemo. Wanda ya yi duka biyun, kuma aka sake turo masa gayyata ta imel, zai ga taron kwamitin kuɗi sau uku a safiyar Talata ɗaya, ya goge biyu, kashegari su dawo. Akwai kuma batun asusu. Mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa Gmail nan take, ya rubuta kalmar sirri a bayan rasit. Rasit ya bi wanki. Bayan shekara biyu waya ta faɗa ruwa, aka sayi sabuwa, wani yaron shagon ya buɗe sabon asusu. Yau akwai ma'aikata masu asusu huɗu, kowanne riƙe da wani yanki na rayuwarsu, ba su da makullin ko guda biyu daga ciki.

Jerin ayyuka shi ne marayan gidan. Harshen iCalendar ya tanadar masa gurbi, amma ƙofar CalDAV ta Google ba ta wucewa da shi, saboda haka aikin da aka rubuta a gida ɗaya da wuya ya isa ɗaya gidan ba tare da ɗan tsakani ba. Masu amfani da manhajar jerin ayyuka ta Wunderlist sun ga yadda Microsoft ya saye ta a 2015 ya rufe ta a Mayun 2020, suka kwashe kayansu suka koma To Do ta Microsoft. A Dutsin-Ma abin bai tada hankalin kowa ba, domin jerin ayyukan da aka fi yarda da shi har yanzu bayan ambulan ne.

Babbar magana ita ce ta agogo. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban na GMT da awa ɗaya, rani da damina, ba ya motsi. Na Ingila yakan yi daidai da shi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni ya koma baya da awa guda, abin da ya isa ya sa malami ya zauna gaban kwamfuta yana jiran abokin bincikensa na can, data na zuba. Kwamfutoci 'yan hannu kuwa da dama suna zuwa ne da agogon yammacin Amurka. Mai ita ya ga lokaci ba daidai ba, ya gyara lambobin da hannu, ya bar shiyyar yadda take. A fuska komai ya yi kyau. Ranar da ya aika gayyatar taron ƙarfe 10 na safe, sai ta sauka a wayoyin jama'a ƙarfe 6 ko 7 na yamma, gab da magariba. Akwai kuma ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke cikin cikin kwamfuta yana riƙe mata lokaci. Idan ya mutu, duk sa'ad da aka ɗauke wuta sai ta farka a wata tsohuwar shekara, rumbu ya dubi kwanan watanta ya ƙi amincewa da ita. Mai gyara yakan kwance kusoshi, ya ɓanɓare shi da farce, ya sa sabo, matsalar da ta hana ofis aiki mako guda ta ƙare kafin shayi ya huce. Rubuta 3/4 ma bai tsira ba: na'urar da ta tashi a Amurka za ta karanta 4 ga Maris, mai ita yana nufin 3 ga Afrilu.

Ana kuma tunatar da Hajiya cewa a wannan ƙasa ba ita kaɗai ke da miji ba. Lissafin da take bi, wanda Fafaroma Giregori na 13 ya gyara a 1582, ya tarar da uwargida, kalandar Hijira, mai kwana 354 ko 355. Waya takan nuna kwanan watan Musulunci, amma da lissafi, sau da yawa na Ummul Ƙura da Saudiyya ke aiki da shi. Nan kuwa wata ba ya kamawa sai an gan shi Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato, kuma ana iya samun bambancin kwana ɗaya. Ranakun hutun Sallah ma sai 'yan kwanaki kafin lokacin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke bayyana su. Duk taron da aka sa a makon, da fensir ya kamata a rubuta shi, na'ura kuwa ba ta da fensir.

Ga kuma daren Juma'a. A bakin Bahaushe dare na gaban yininsa, saboda haka daren Juma'a shi ne wanda ke shiga da magaribar Alhamis. Ɗalibin da aka ce wa za a haɗu daren Juma'a, ya buɗe waya ya danna Juma'a ƙarfe 8 na dare, zai iso ya tarar da tabarmi a naɗe tun jiya. Haka "bayan la'asar", lokacin da aka fi sa kowace irin haɗuwa daga Kurfi har Dutsin-Ma, ba shi da gurbi a manhaja, domin la'asar na tafiya da inuwa, tana matsawa da sauyin yanayi. "Bayan Sallah" kuwa na iya kaiwa wata Sallar. Hajiya ta san gobe, amma ba ta san jibi da gata da citta ba. Ba ta kuma san cewa Laraba ranar kasuwar Dutsin-Ma ce ba, shi ya sa take nuna ta fara fes, babu komai, alhali rabin waɗanda za a gayyata suna da abin yi a cikinta.

Duk wannan idan akwai sabis ke nan. Wayoyi da yawa suna da tsarin tattalin caji da ke kashe manhajar da ba a buɗe ba, har da mai ɗauko saƙon kalanda. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ga masu kashe data sai za su duba WhatsApp. Gwaji mafi tsanani ya zo a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a maido musu ba sai Disamba. Kimanin wata uku babu na'urar da ta kai rumbu, sai in mai ita ya shiga mota ya nufi inda ake samun sabis, wayar ta yi ta ƙara tana amayo saƙonnin makonni. Ofisoshi suka koma ga masinja da allon sanarwa da faɗa a ƙofar masallaci. Shekara na zagayowa sai ga kishiyar matsalar: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ya rufe jami'o'in tarayya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. A gari irin Dutsin-Ma, mai jami'ar tarayya tun 2011, duk malamin da ya sa laccarsa ta riƙa maimaita kanta kowane mako, wayarsa ta yi wata takwas tana tashinsa zuwa ajin da ba kowa. A nan Hajiya ta nuna riƙon amanar da ba a nema ba.

Wadda ke yin daidaitawar gaskiya a ofis, to, sakatare ce. Ita ke buga sanarwa a kwamfuta, ta kai a sa hannu a buga hatimi, ta ɗauki hoton takardar ta tura zauren WhatsApp, inda babu kalandar da za ta ɗauke shi da kanta, kuma cikin rabin awa gaisuwar Juma'a da sanarwar suna za su binne shi. Sannan ta kira kowa ɗaya bayan ɗaya da katinta. Ita ta san wanda ba ya buɗe imel, da wanda ya canza layi, da wanda sai an gaya wa direbansa. Babu wannan aikin a takardar ɗaukarta.

Masana sun san 'yan dabarun rage wahalar, ba su da yawa. A zaɓi asusu ɗaya ya zama uwar ɗaki, duk na'urori su riƙa dubansa, a daina ajiye taro a cikin wayar kanta. A sa imel a kan IMAP. A gyara shiyyar agogo zuwa ta Afirka ta Yamma ta Tsakiya, kamar yadda Windows ke kiranta, a bar na'ura ta ɗauki lokaci da kanta. A cire kalanda daga cikin abin da tattalin caji ke kashewa. A rubuta sunan wata da haruffa. Kalmar sirri kuma a nema mata wuri ban da bayan rasit.

Abin da ya rage yana hannun Hajiya. Ana roƙonta ta tara 'ya'yanta na gidajen uku ta sa su yi magana da harshe ɗaya, har da marayan. Ana roƙon ta buɗe gurbi tsakanin la'asar da magariba, ta koyi jiran sanarwar Sakkwato, ta kuma ƙara maɓalli na huɗu a gindin takardar gayyata, bayan "e" da "a'a" da "wataƙila", mai cewa "in Allah ya kai mu", domin shi ne amsar da yawancin waɗanda ake gayyata suke bayarwa.

Ba a sa kwanan wata a saman wannan wasiƙa ba saboda kwamfutar da aka buga ta da wayar da aka duba sun saɓa. An aika kwafi ɗaya ta imel, ɗaya ta WhatsApp. Na ukun an sa shi a ambulan an ba direban motar haya da ke tashi daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, da lambar mai karɓa a rubuce a baya, ya ce zai kira idan ya shigo tasha.