Kujera ta haya, baƙi na gado

Wani sabon yayi ya shigo Maradi: hayar gida da kayansa a ciki. Ba ka kawo tabarma, ba ka kawo tukunya, daga kai sai jakarka da kuɗinka. Da can ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da manyan 'yan kasuwar da ke sauka daga Kano ko Yamai aka sani da irin wannan masauki. Yanzu har ɗan Tsibiri, wanda kabu-kabu zai dire a ƙofar gidan ubansa kafin shayi ya huce, ya kama nasa a unguwar Ali Ɗan Sofo, wai "saboda harkoki".

Dillali ne ke buɗe fage. A bakinsa kowa Alhaji ne har la'ada ta shiga aljihu. "Alhaji, wannan ai Dubai ce aka yanko aka aje mana nan." In ka yi kukan tsada, sai ya tuna maka layin dogon Kano zuwa Maradi da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021. "Ranar da jirgi ya yi kuka a garin nan, wannan kuɗin ko shago ba zai kama maka ba." Hayar dai ta riga jirgin isowa.

Sai maigida ya fito da takarda da biro. Cokali shida, kofi huɗu, labule, rimot, har butar bayan gida an rubuta. Ka biya kuɗin wata, ka biya na ajiya, ka sa hannu. Kujerun falo suna nan cikin ledarsu tun daga kanti. Ka zauna su yi ƙara, ka tashi su biyo wandonka. Na'urar sanyaya ɗaki kuma tana manne a bango da kwarjininta, tana jiran ikon Allah da na NIGELEC. Waɗanda suka yi haya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, sun biya kuɗin sanyi, sun kwana a tsakar gida da mafici.

Duk wannan da sauƙi. Masifar tana farawa ne daga hoto. Mutum ya harɗe a kujerar wani, ya ɗora a WhatsApp: "Alhamdulillah, sabon gida." Kalmar "haya" ba ta samu wuri ba, wai layi ya cika.

Washegari da sassafe ga Goggo daga Jiratawa, da buhun albasa da ƙullin zogale, ta zo ganin likita. Bayanta ƙanen matarka mai karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: "Yaya, kwana biyu kawai zan yi." Kowa ya san kwana biyun Bahaushe. Kafin sati ya zagayo, yaran maƙwabtan kawunka sun gano inda ake matsa rimot, wani kuma ya ɗaure akuya a jikin famfo.

Goggo ta dubi murhun gas ta ja da baya. "Ɗan nan, ni ba na girki a kan bam." Ta nemo duwatsu uku ta kafa a kan tayil, ta aika a aro mata turmi. Wa zai ce wa 'yar'uwar ubansa gidan ba nasa ba ne, bayan ta gama sa masa albarka a gaban jama'a, har da hawaye, cewa ya fitar da zuri'a kunya? Sai ka yi murmushi, kana jin kowace saukar taɓarya a cikin kuɗin ajiyarka.

Ranar fita maigida ya dawo da takardarsa, wannan karon har da tabarau. Cokali huɗu ya samu, labule ya sha hayaƙi, rimot kuwa ya tafi Jiratawa bisa kuskure cikin buhun albasa. Ya buga lissafi a waya, ya ce kuɗin ajiya sun ƙare, ana ma bin ka ciko.

Don haka, ɗan'uwa, in ka matsu sai ka kama irin gidan nan, kama abinka, ba mai hana ka. Amma hoton, ka tura wa abokanka na Yamai kaɗai, ka toshe dangi tun daga Tsibiri har Jiratawa.