Magani Biyu a Jaka Ɗaya: Ina 'Yan "Sai Mun Gani"?

Na san halinku. Da an ce masana sun ƙera 'yar jakar da silin gashi ya fi ta kauri sau ɗaruruwa, har sun cusa magani biyu a cikinta, sai ku taɓe baki: "Malam, wane tela ya ɗinka ta?" To ku gyara zama.

Sunanta Vyxeos. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2017, Tarayyar Turai a 2018, don wasu nau'o'in sankarar jini masu taurin kai, har da wadda kan ɓullo bayan an yi wa mutum maganin wata sankarar. Ba tela a zancen. Maiƙo ne irin wanda ya lulluɓe ƙwayoyin jikinmu, yake dunƙulewa ya zama ƙwallo mai faɗin nanomita 100. Nanomita miliyan ɗaya ke cika milimita ɗaya, ga masu son auna ta da rula.

"Sabon magani ne a ciki?" Ina! Sun girmi da yawanku. Tun 1973 likitoci ke haɗa sitarabin da daunorubisin: na farko ƙarin ruwa kwana 7 ba tsayawa, na biyu kwana 3.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Ashe kwali aka sake don a ƙara kuɗi." Sannu, Alhaji, amma ba ka ji ƙarshen zancen ba. Masu bincike na kamfanin Celator, wanda ya ƙera jakar, sun gano cewa magungunan nan sun fi kashe ƙwayoyin cutar idan suka isa tare, kashi 5 na sitarabin, kashi 1 na ɗan'uwansa. A wani awon kuwa, ɗaya kan rage wa ɗaya ƙarfi. Matsalar ita ce jiki bai san da lissafin likita ba. Da an ɗura su daban-daban, hanta ta yi maza ta ragargaza sitarabin, daunorubisin kuma ya bi tasa hanyar. Kamar ka tura ango da amarya a mota daban-daban ne, ɗaya ya isa da hantsi, ɗaya sai bayan an watse. Jakar ta zuba su mota guda. Awon nan na 5 da 1 yakan wuce awa 24 a cikin jini bai wargaje ba, jakunkunan su taru a ɓargo inda cutar take, ƙwayoyin sankarar su haɗiye su da kansu.

An gwada a kan majinyata 309 masu shekara 60 zuwa 75. Tsaka-tsakin rayuwar waɗanda aka yi wa tsohon tsari wata 5.95 ne, na masu jakar wata 9.56. "Haba, wata uku da 'yan kai ake wa wannan ganga?" Wanda bai taɓa kwana a gefen gadon majinyaci ba ne ke raina wata uku. Bayan shekara 5 ma, kashi 18 cikin 100 na masu jakar suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 8.

Amma kada ku tashi ranku a ɓace, kuna da taku gaskiyar. Jinin majinyaci yakan daɗe bai farfaɗo ba, haɗarin zubar jini ya ƙaru. Ita sankarar jini a buɗe take, jakar na iske ta cikin sauƙi. Ƙari mai tauri irin na mama ko na hanji wani zance ne: a 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, ta ga kashi 0.7 cikin 100 kacal na irin waɗannan 'yan mitsi-mitsin ma'ajiyar magani da aka ɗura ke isa ƙarin.

Shi kuma Alhajin baya, zo ka karɓi rabin makinka: a 2016 kamfanin Jazz ya sayi Celator a kan kusan dala biliyan 1.5, ka san kuwa ba sadaka ya fito yi ba.