Mu Da Hadarin La'asar

Mu 'yan cikin badala kwana muke a lungu, mu wuni a bene. Da safe za ka gan mu muna fitowa ta Ƙofar Mata, Ƙofar Na'isa da Ɗan'agundi, wasu su nufi Gidan Murtala, wasu dogon benen nan na Ƙofar Nassarawa, wasu bankuna masu bangon gilashi. Jikinmu ya shiga ofis, amma ɗabi'armu ta gidan ƙasa ce, kuma ba ka gane haka sai ranar da gabas ta yi baƙi ƙirin ta wajen Fagge, iska ta ɗauke ɗif.

Abu na farko da muke yi shi ne tururuwa zuwa taga. Akawu, masinja, har mai gida da kansa, kowa ya manna goshi a gilashi yana cewa "Kai, yau akwai ruwa!" Matasan cikinmu kuwa waya suke ɗagawa, don kada a riga su saka bidiyon a WhatsApp. Bayan nan sai a shiga karɓar uzuri. Wannan ya bar shanya, wancan yara suna Islamiyya, na ukun indararonsa ya toshe tun bara. Kafin ka ce kwabo ofis ya watse, an bar maigadi da fanka.

A yi mana adalci, gudun nan yana da asali. Wanda ya tashi a soron azara ya san in indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, to ɗakin na iya zaunawa a kan masu shi kafin asuba. Dattawanmu har yau suna maganar ruwan watan Agustan 1988, wanda ya rusa dubban gidaje a Kano, madatsar Bagauda ma ta ɓalle. Ga kududdufan da ke shanye ruwan unguwa an cike da yawansu an yi gini a kai, yanzu lungu ne kwatar. Don haka magidanci ya ji iska ya tuna gida, ba a ce ya yi wauta ba.

Matsalar ita ce lokacin da muke zaɓa. Hadarin farkon damina, na Mayu da Yuni, iska yake turowa gaba da jar ƙura, ruwa ya biyo baya. Wannan iskar ce mai yaye kwano, ta karya reshen darbejiya, ta kwantar da allon talla da turken wuta. Yanzu kuma mun ƙara mata kayan aiki: faifan sola da muka danne da bulo biyu, tankin ruwa wanda babu komai a cikinsa, da kwandon satalayit. Ƙarfinta ba ya daɗewa, sau da yawa kafin awa guda ta lafa. Mu kuwa daidai wannan awar muke barin ginin siminti mu shige ɗan sahu, abin da labule ne ƙofarsa.

A majalisarmu ta bayan isha'i akwai wani yaro da ya yi karatu a Amurka. Shi ya kawo labarin guguwarsu, irin wadda ta afka wa garin Jofilin a 2011 ta kashe mutum sama da 150. Ya ce a can da an busa jiniya kowa ya san inda zai nufa: hawan ƙasa, tsakiyar gini, nesa da gilashi, ko barandar ciki ko ƙarƙashin matakala, a durƙusa a kare kai. Kuma ba a shiga lif.

Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Yaro, wannan ai bala'insu ne. Mu guguwarmu leda take kwasa, ka nemi tsari daga shaiɗan ta wuce."

"Haka ne, Baba," in ji yaron, "amma kwanon maƙwabci in ya taso, bai san ƙasar da yake ba."

Aka yi dariya, Baba ya ce yaran zamani ba a ka da su. Maganar lif kuwa ba ta buƙaci gardama ba, don duk mun san iska na fara kaɗawa ake ɗauke wuta. Wanda ya shiga lif a wannan lokaci ya shirya yin magariba tsakanin hawa na uku da na huɗu.

Sai batun tsawa, inda muka fi ba da dariya. Muna rufe madubi, mu hana yaro sa jar riga, mu yi wa mai amsa waya tsawa, sannan mu fita mu fake a gindin bishiya, ko mu hau rufi gyara eriya. Wayar hannu ba ta kiran aradu. Abin da ke jone da bango shi ne abin tsoro, wato caja, kwamfuta da firinta, don ta waya wutar ke bi ta shigo. Tsakanin walƙiya da ƙarar, kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce, kuma masana sun ce a ba da minti 30 bayan ƙarar ƙarshe kafin a fita. Ko an fita ɗin, ruwan da ya kwanta kusa da wayar da ta faɗo ba a taka shi, ko da takalmin roba ne a ƙafa.

Akwai kuma ƙofar baya. Kusan kowane ofis yana da ita, kuma kusan kowacce an garƙame ta da kwaɗo, an jibge tsofaffin fayil a gabanta, makullin yana aljihun wanda ya tafi hutu. Wannan a gyara shi gobe da safe, ba sai an kafa kwamiti ba.

Don Allah maƙwabta, a hau a share indararo tun watan Afrilu, a ƙara wa kwano ƙusa, a ɗaure sola da ƙarfe, a kuma gaya wa malamin Islamiyya ya riƙe yara in hadari ya haɗo. Ranar da iska ta same ku a ofis, ku bar taga, ku zare filogi tun kafin a fara tsawa, ku sauko ƙasa ta matakala ku zauna har ta wuce.