Daga Mirriya Zuwa Abijan da Jaka a Goye da Kalma Bakwai

Duk shekara, da an kai gero rumbu, sai an sami wata fada a Mirriya da ta yanke shawarar zuwa ganin duniya. Ba ci-rani ba, wannan na iyaye ne. Su yawon buɗe ido za su, irin wanda suke gani a salula: jaka a goye, hula a karkace, hoto a bakin teku. Galibi a shayi na uku ake yanke wannan shawara, lokacin da sukari ya yi yawa, lissafi ya yi ƙaranci. To, kafin masu niyya su hau motar Damagaram su ci kilomita 18 ɗin farko, ga 'yan abubuwan da za su rage musu kunya a hanya.

Da fari a raba muƙamai. Fataken Gwanja da ke zuwa Salaga sayen goro ba sa tashi sai da madugu da jagaba, saboda haka samari huɗu ba su fi ƙarfin tsari ba. Madugu shi ne mai babbar murya. Ma'aji kuwa a nemo wanda tun da aka kafa fadar bai taɓa sayen sukari ba. Kuɗi ba sa fita daga hannun irin wannan. Sai tafinta, wato wanda ya fi daɗewa a lakwal. A yi masa ladabi, amma a sani cewa daga lokacin da mota ta wuce Matamaye ta tsallaka Kwangwalam, Faransancinsa zai kwanta barci, ba zai farka ba sai a Seme, bakin iyakar Benin. Na huɗu ba shi da aiki sai ɗaukar hoto da cewa "ai na faɗa muku".

Daga Daura zuwa Kano babu matsalar harshe sai ta kuɗi, kuma ita ce babba. Ɗan Damagaram da dala yake ƙirga, dala kuwa sefa biyar ce: sefa 100 dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 jika. Tun yana yaro kansa ya saba ninka duk abin da ya ji sau biyar. Shi ya sa idan mai rake a Kano ya ce "ɗari", hannun ma'aji zai nufi takardar 500 da kansa, ba tare da ya shawarci ƙwaƙwalwa ba. Mai raken ba zai yi gardama ba, mutumin kirki ne. Maganin abin shi ne ma'aji ya riƙa yin shiru na ɗan lokaci bayan kowane farashi, yana kallon sama. Shi yana lissafi ne, mai kaya kuma zai ɗauka tsada ya gani, har ya yi ragi.

Kalmomin da ake bukata a kowane gari bakwai ne: gaisuwa, na gode, nawa ne, ya yi tsada, ruwa, masallaci, makewayi. Sai dai akwai tarko a ciki, kuma nan ne yawancin masu ƙwazo ke faɗawa. Wanda ya kwana yana haddar "elo ni?", wato "nawa ne" da Yarbanci, ya je ya furta ta tsaf a gaban wata mai kifi a Legas, ya jawo wa kansa. Za ta ɗauka ɗan gari ne, ta amsa masa da Yarbanci zalla, ga sauri. Ƙidayar Yarbawa kuwa da ragi take tafiya: 45 a wurinsu hamsin ne ba biyar, hamsin ɗin kansa sittin ne ba goma. Bahaushen da ke cewa "ashirin ba biyu" bai isa ya yi dariya ba, amma shi ragi ɗaya yake yi ya huta. Saboda haka dabara ita ce a ɓata furuci da gangan. A faɗi kalmar a karkace, a haɗa da murmushin marayu. Nan take za a gane baƙo ne, a ɗauko salula a rubuta masa lambar ya gani da idonsa. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a ce yana gane amsa ba.

Turancin buroka ma yana da nasa rami. A bakin Bahaushe 13 "satin" ne, 30 kuma "sati", ga shi sati a Hausa mako ne. Madugun da ya tambayi yaron mota a Gana kuɗin tafiya aka ce masa "sati" kada ya juyo ya shaida wa jama'arsa cewa motar sai mako mai zuwa za ta tashi. A Gana ɗin ma a kula da tsofaffin kasuwa: a 2007 aka yanke wa sidi sifiri huɗu, tsohon 10,000 ya koma 1, amma akwai waɗanda har gobe bakinsu bai karɓi sanarwar ba. Idan tsohuwa ta kira dubbai a kan ayaba uku, kada ma'aji ya suma.

Yanzu ga babban sirrin, wanda tafinta ba ya so a sani. Hanyar bakin teku daga Legas zuwa Abijan cike take da zango: Agege da Idi-Araba a Legas, unguwar Zango a Kwatano da Lome, Nima da Sabon Zango a Ankara. Inda duk aka hango teburin mai shayi, ko hayaƙin tsire, ko mai gyaran takalmi da akwatinsa, an iso gida. Abin da ke faruwa kusan kullum iri ɗaya ne. Tafinta zai gyara kwalar riga a gaban wani mai shayi a Kwatano, ya tattaro duk Faransancin da ya rage masa tun jarrabawa, ya yi minti biyar yana neman kofi huɗu da burodi, gumi na zuba. Mutumin zai saurare shi har ƙarshe, yana juya madara, sannan ya ɗago.

"Samari, 'yan Damagaram ne ku, ko? Tun daga nesa na ji a bakinku. Ku zamna."

"Baba, ashe kana jin Hausa?"

"Ɗana, daga Magarya na zo. Yaya aka baro damina?"

Daga nan masauki ya samu, an san motar da za a hau da wadda za a guje wa, an kuma san mai canjin da ba ya cuta. Abin da ya rage shi ne a lallashi tafinta, don muƙaminsa ya faɗi a bainar jama'a.

Hausar zangon Gana kuwa a karɓe ta yadda ta zo. Can an sallami bambancin namiji da mace, sai a ji an ce "yarinya ya zo", ƙa da ɗa da ɓa kuma sun zama ka da da da ba. Kada wani ya ce zai yi gyara; mutanen da kakanninsu suka kafa zango tun zamanin fataucin goro ba sa bukatar darasi daga yaron da ya sauka jiya da ƙura a gira. Ladan haƙurin yana wurin abinci, don rabin abin da mutanen Gana ke ci da safe sunan Hausa gare shi, an ɗan murɗe shi kawai. Wace shinkafa da wake ce, kose ƙosai ne, koko koko ne, tuwo zafi kuma bai ko sauya riga ba. Mai jin yunwa ya faɗi sunan abin da Hausa yana jan wasali, za a zuba masa.

Takardu ba a wasa da su. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso, don haka a tambayi wanda ya dawo kwanan nan abin da ake nema a kowace iyaka, a kuma riƙe katin rigakafin shawara kamar laya. Da an shiga Togo a mayar da agogo baya da awa ɗaya, in ba haka ba za a je tasha a yi ta zagin direban da bai makara ba.

Idan a cikin ayarin akwai mai suna Garba, a shirya masa zuciya kafin Abijan. Can garba abinci ne, garin rogon da suke kira aceke da soyayyen kifin tuna da barkono, kuma ana cewa daga 'yan Nijar masu sayar da shi sunan ya samo asali. Zai ji ana kiransa a kowace kwana, zai ga sunansa a allon rumfuna, zai ji wani ƙato na cewa a ba shi Garba na sefa 500. Kada ya amsa, kada kuma ya gudu. Ma'aji kuwa a nan zai huce, don Julawa ma da biyar-biyar suke ƙirga sefa, sai dai su dorome suke cewa inda shi ke cewa dala.

Saura neman izinin gida, wanda a gaskiya da shi ya kamata a fara. Idan tsoho ya ce yaran da ba su iya yaren kowa ba ina za su, akwai hujja daga ƙasar Damagaram kanta. Dorugu, yaron Dambanas kusa da Kance, an kama shi bawa yana ƙarami, Bature Overweg ya 'yanta shi a Borno, daga baya shi da abokinsa Abbega, Bamargi, suka bi wani Baturen, Barth, wanda ake kira Abdulkarim. A ƙarshen 1852 ayarinsu ya ratsa Mirriya ya shiga Zinder. Suka je Tambutu, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, a Satumbar 1855 sai ga su a Landan, har Jamus suka leƙa. Maimakon Dorugu ya tsaya kame-kamen yaren mutane kawai, sai ya zaunar da wani limamin mishan mai suna Schön yana ba shi Hausa, labaransa suka fito a littafin Magana Hausa a 1885. Ya dawo a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano, inda ya rasu a 1912. Abbega kuma ya zama sarkin Lakwaja.

Madugu ya jera wannan tarihi a natse, kansa a sunkuye, shekarun duka daidai. Sai dai ya zo da amsa a aljihu, don tsohon zai gyara zama a kan tabarma, ya tofar da goro, ya ce: "Na ji, ɗana. Shi Dorugun, wa ya biya masa kuɗin jirgi?"