Duk Mun Koma 'Yan Abiya

Na faɗa a zaure, na maimaita a teburin mai shayi, yau ga shi a rubuce: yawancin aljanun da kuke cewa sun shiga fom ɗinku na intanet, ku kuka kira su, kuka shimfiɗa musu tabarma, har da ruwan sanyi. Da na faɗi haka, ɗan'uwana Bazazzagi ya ce Bakano ne kawai zai karɓi kuɗin aiki, aikin ya lalace, ya dawo yana wa'azi. Wata Hajiya mai kula da ma'aikata a ofis ta ce ita ba ta son dogon turanci, matsalar ta sabis ce, kullum sabis ce. Ƙanena kuwa, wanda bara ya fara rubuta kod, bana ya fara gyara wa kowa zama, dariya ya yi ya ce, "Yaya, wa yake maganar Web Forms a zamanin nan?" To, ku gyara zama. Ɗaya bayan ɗaya zan bi ku, amma da kaina zan fara, don kada a ce na taka tudun laifina ina hangen na wani.

Wata ma'aikata ta taɓa ba ni aikin fom ɗin rajistar ma'aikatanta. Suna, lambar waya, jihar asali, ƙaramar hukuma, sai maɓallin adanawa. Da ASP.NET Web Forms na gina shi, na ɗaure jerin zaɓin jihohi da rumbun bayanai, jihohi 36 da Abuja suka jeru reras, Abiya a sama saboda tsarin haruffa, Zamfara a ƙasa. Na gwada, na zaɓi Kano, na danna, allo ya ce an adana. Na karɓi cikon kuɗina na tafi ina taƙama.

Ba a rufa mako ba sakatariya ta kira ni, muryarta a sanyaye. "Malam, don Allah wata tambaya gare ni. Me ya sa duk ma'aikatanmu 'yan Abiya ne?" Na buɗe rumbun da kaina. Direban da aka haifa a Gashuwa, Abiya. Mai gadi Bazamfare da ko Abuja bai taɓa zuwa ba, Abiya. Shi kansa shugaban wurin, wanda yake iya lissafa kakanninsa bakwai a Argungu, fom ɗina ya mayar da shi ɗan Umuahiya ba tare da ya ciri tikitin mota ba. Na kwana ina bincikar rumbun bayanai, na zargi saba, na zargi burauza, har na fara zargin sakatariyar. An bar jaki ana dukan taiki.

Na ji ka, Bazazzagi, dariyarka ta iso har Ƙofar Mata. Ƙarasa ta, don naka yana tafe.

Ga abin da ya faru. Ƙa'idar HTTP da burauza take magana da saba a kanta ba ta riƙe komai a kai. Ku ɗauki saba a matsayin tela mai tsananin mantuwa. Ka kawo yadi ya auna ka, kana fita ƙofa ya manta da fuskarka, ya manta da awonka. Da Microsoft ta fito da ASP.NET a 2002, aikin da Scott Guthrie da Mark Anders suka faro, tana son masu gina manhajar Windows su ji kamar suna gida, su jawo akwati su ajiye a shafi ya riƙe abin da aka zuba masa. Sai ta yi wa telan dabara. Kafin ka fita, ya rubuta duk awonka a takarda ya cusa maka a aljihu, in ka dawo ya zaro ya karanta, ya yi kamar ya san ka tun kana yaro. Takardar nan ita ce ViewState. Duk mai shakka ya buɗe asalin rubutun shafin a burauzarsa, zai tarar da ɓoyayyen fili mai suna __VIEWSTATE, cike da haruffa kamar tururuwa ta sami sukari. Gani ya kori ji.

Duk lokacin da aka danna maɓalli, shafin gaba ɗaya yana komawa wurin saba, ita kuma ta sake gina shi daga tushe, bisa jerin da ba ta saɓawa. Ta fara da Init ta tsayar da akwatuna. Ta zaro takardar aljihu ta mayar da kowane akwati yadda yake. Ta ɗora abin da mutum ya zaɓa yanzu. Sannan ta shiga Page_Load. Sai bayan duk wannan take kula da cewa an danna maɓalli. Ni kuwa gwanin, a cikin Page_Load na ajiye umarnin DataBind ba tare da wani sharaɗi ba. Mutum ya zaɓi Kebbi, saba ta ɗora Kebbi yadda ya kamata, sai kod ɗina ya zo ya share jerin kaf ya zuba sabo, zaɓi ya koma kan na farko. Ko da aka iso wurin adanawa, Abiya ce zaune a kujera. Saba ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da na ce ta yi ta yi, a lokacin da na ce ta yi shi.

Maganin bai kai tsawon sallama ba. A kewaye cika jerin da sharaɗin if (!IsPostBack), ma'ana a cika shi a zuwan farko kawai, in mutum dawowa ya yi a bar masa kayansa. Layi ɗaya. Daren da na yi ban runtsa ba, layi ɗaya ne kuɗinsa. Kuma da na leƙa rumbun ranar gwaji maimakon in yarda da allon da ya ce an adana, da sakatariya ba ta taɓa samun lambata a bakinta ba.

Yanzu kai, Bazazzagi. Ka ce kai ka daɗe da sanin IsPostBack, a Samaru ko mai sayar da rake ya san shi, amma duk da haka naka fom ɗin yana sauya wa mutane gari, saboda haka akwai aljani. Kawo in gani. Kowane abu a jerin zaɓi fuska biyu gare shi: rubutun da ido yake gani, da ƙimar da burauza take aikawa. Kai ka ɗauki sunan ƙaramar hukuma ka sa shi a duka biyun, ka zuba ƙananan hukumomi 774 a jeri guda. To akwai Bassa a Kogi, akwai Bassa a Filato. Akwai Obi a Binuwai, akwai Obi a Nasarawa. Mutumin Filato ya zaɓi Bassarsa, burauza ta aika kalmar Bassa tsurarta, saba ta bi jeri daga sama, ta farkon da ta tarar ita ta kama. A gidan da ake da Audu biyu ka tsaya a tsakar gida ka ƙwala "Audu!", wanda ya fi kusa da ƙofa ne zai fito. Ba kowace lambarta a DataValueField, ka bar suna ga ido.

Kada ka tashi tukuna. Kana son kalmar "Zaɓi jiha" ta tsaya a saman jerin, sai ka kunna AppendDataBoundItems, wato kada a share na da idan za a zuba sabo. Madalla. Amma kana sake ɗaurewa a kowace dawowa, jeri mai 38 ya zama 75, ya zama 112, Kaduna ta fito sau uku. Na san ka ji daɗi, ka ɗauka an amsa kiran ƙirƙiro jihohi ne.

Hajiya, ranki ya daɗe, ban manta da ke ba. Kin ce sabis ne, hujjarki kuwa mai ƙarfi ce: fom ɗin yakan yi aiki da safe, ya ƙi da rana, ya dawo da la'asar, kamar wutar unguwa. Kin kira mai kod ya ce, "Ai a kwamfutata yana aiki." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta amfane ki da komai ba. Ki sa a karanto miki saƙon da yake fitowa. In ya ambaci viewstate da MAC, ga labarin. Telan nan yakan buga hatimi a takardar da yake cusa wa mutum a aljihu, don kada wani ya sauya awo a hanya. Idan shafinku a kan saba biyu yake, kowace da hatiminta, wannan ta buga, mai cika fom ya dawo ya faɗa hannun waccan, sai ta ce ba ta san wannan takarda ba. Haka ma idan saba ɗaya ce amma tana ƙera sabon hatimi duk lokacin da aka tashe ta. Gyaran shi ne a ba su mabuɗi guda, machineKey, a cikin fayil ɗin web.config.

A nan ne zan daina wasa na minti ɗaya. Masu gaggawa sukan shiga intanet su kwafo machineKey da wani ya manna a misalin koyarwa, su zuba a nasu. A watan Fabrairun 2025 Microsoft ta yi gargaɗi cewa ta gano irin waɗannan mabuɗai sama da 3,000 a fili, kuma ɓarayi suna amfani da irinsu su ƙera takardar aljihu ta jabu mai hatimin gaske, su sa saba ta gudanar da kod ɗinsu. Wanda ya sayi kwaɗon da kowa a kasuwa yake da mabuɗinsa, ado ya rataya wa ƙofa. Ku ƙera naku, ku ɓoye. Irin wannan gaggawar ce take sa mutum ya ga saƙon da yake cewa an aiko da zaɓin da saba ba ta san da shi ba, saboda ya ƙara abubuwa a jeri da JavaScript a bayan idonta, sai ya kashe EnableEventValidation kawai. Mai gadi ya tare baƙo, ka kori mai gadi don a daina hayaniya.

Saura kai, ƙanena. Gaskiyarka, Web Forms ya tsufa. Da aka fito da .NET Core a 2016 ba a tafi da shi ba, an bar shi a tsohon gida, .NET Framework. Amma tsohon gida ba kango ba ne. Ranar da ka sami aiki a ofishin da aka gina masa manhaja shekaru goma sha biyar da suka wuce, ba wanda zai tambaye ka yayin da ake yi, fayil mai ƙarewa da .aspx za a miƙo maka a ce gyara kafin azahar. Ranar za ka tarar da GridView, teburin da ya zo da ASP.NET 2.0 a 2005, mutum ya gyara layi ya danna, tsohon rubutu ya dawo. Ko dai an sake ɗaure teburin a Page_Load, ciwon Abiya ke nan da wata riga, ko an yi amfani da Eval, wanda nunawa kawai yake yi, a inda ake bukatar Bind mai kaiwa da kawowa. Za ka tarar da maɓallin da aka ƙirƙira da kod ana danna shi ba ya motsi, domin telan ya manta da shi, ba a sake gina shi da lambarsa ta da a dawowar ba. Za ka tarar da akwatin da aka kashe da disabled, ƙimarsa ba ta isowa, ka zagi Microsoft, alhali ƙa'idar HTML ce: burauza ba ta aika kasasshen akwati, ba ta kuma aika akwatin maki da ba a yi wa maki ba, ko da wane yare ka rubuta saba.

Shi ma React ɗin da kake tinƙaho da shi, wanda Facebook ta saki a 2013, na leƙa kafaɗarka ran nan. Ka rubuta useEffect ba tare da jerin abin da zai dogara da shi ba, yana ɗebo jihohi duk lokacin da shafi ya sake zana kansa, zanen kuma yana sake tayar da ɗebowa, fankar kwamfutarka tana kuka kamar injin markaɗe. Na yi shiru ne don abokanka suna wurin. Ciwon yayanka ne ka gada, sunan magani kawai aka sauya.

Saboda haka kafin ku kira mai ruƙiyya, ku danna F12 a burauza, ku duba ainihin abin da ta aika. In Kebbi ta tafi, burauza ta fita daga zargi, sabis ɗin Hajiya ma ya fita. Sai ku dasa birki a Page_Load, ku dasa wani a wurin maɓalli, ku bi kod ɗin taki-taki kuna kallon ƙimar, har ku ga layin da Kebbi ta shiga ta fito Abiya. Layin nan kuwa, in kun duba tarihin fayil ɗin, sunan wanda ya rubuta shi ba baƙo ba ne a gare ku.

Ita waccan ma'aikata sai da aka sake bin kowa da takarda da biro ana tambayarsa jiharsa, ni na biya kuɗin hoto-kwafi. Har yau in na haɗu da direban nan ɗan Gashuwa a hanya, sai ya rage gudu ya sauke gilashi ya ce, "Malam, yaushe za mu gida ne? An ce an yi ruwa a Aba." Kai kuma Bazazzagi, mutanen Filaton da ka kai Kogi suna nan suna jira, kuma kuɗin motar dawowa a kanka yake.